Ranar Da Aka Yi Wa Ruwa Wanki Da Guga

A layinsu babu mai kiransa da sunan yanka. Kari ake ce masa, saboda karin gugar da yake fitarwa a wando, wanda shi da bakinsa yake cewa har albasa ana iya yankawa da shi. Shagonsa na wanki da guga ɗan tsut ne, a matse tsakanin na tela da na mai gyaran rediyo. Tebur ne da dutsen guga na gawayi, sai bokitai a jere, sai igiyar shanya da ta gitta bakin ƙofa yadda duk mai shigowa, komai girmansa, sai ya rusuna wa wandon wani. Aikinsa kam ya iya, wannan ko maƙiyinsa zai shaide shi. Ciwon Kari ɗaya ne: ya ɗauka duk abin da ke duniya wanki ne, kuma shi kaɗai aka ba sirrinsa.

Abin da ke ƙona masa rai shi ne surukinsa. Baba tsohon maharbi ne mai 'ya'ya mata biyu. Babbar tana gidan Kari, ƙaramar tana gidan wani direban a-kori-kura wanda dariya ba ta yi masa wuya. In Baba zai kira wancan sai ya ce "Direba" da sakin fuska, amma in aka zo kan Kari sai ya ce "mai wanki", da irin muryar da ake faɗin sunan cuta. To, bana sai Baba ya ce gwiwa ta gaji, fita ɗaya ta rage masa, daga ita zai sauke bindigarsa ya miƙa wa ɗaya daga cikin surukan nasa. Kowa a dangi ya san ma'anar wannan. Wanda ya karɓi bindigar nan shi ne namijin gidan, shi za a riƙa nema in magana ta taso. Kari ya ƙudurta ko ana ha-maza-ha-mata sai bindigar ta rataya a bangon ɗakinsa.

Sai dai harbi bai iya ba, ko da danƙo bai taɓa kayar da tsuntsu ba. Don haka ya shiga neman wata ƙofar, ya kuwa same ta ranar da suka zauna shirya tafiya a tsakar gidan Baba. Dajin da za su shiga mota ba ta kaiwa ciki. A bakin hanya ake ajiye ta a goya kaya, kuma kowace shekara jarkokin ruwa ne ke karya musu baya. Bara da ruwa ya yanke musu suka sha na tafki, Direba ya fi daɗewa a bayan kurmi fiye da bayan sitiyari.

Kari ya gyara zama ya ce, "Baba, a bar jarkokin nan a gida. Ni zan wanke muku ruwan daji."

Baba ya tambaye shi ko ruwa riga ne. Kari ya ce ai dauɗa dauɗa ce, ko a wuyan riga take ko a cikin tafki, kuma tun da yake kokawa da ita ba ta taɓa kai shi ƙasa ba. Direba ya ce shi dai a iya saninsa tafasawa ake yi. Kari ya dube shi da tausayi, ya yi masa bayani a hankali kamar mai koyar da ɗan koyo, cewa duk mai wankin da ya san aikinsa ya san ruwan zafi zaunar da tabo yake yi. In ka tafasa dauɗa, ka ɗaura mata aure da ruwan ke nan, babu saki. Baba ya ce to, amma jarka ɗaya dai za ta bi su, ko don kare.

Kafin gari ya waye sau biyu duk layi ya ji labari, don Kari ba ya iya riƙe magana ko da ta minti ɗaya ce. Ya yi wa tela alkawarin cinya, mai rediyo haƙarƙari, matan layi kuma ya ce kowace ta wanke kwanonta ta jira. Tela, wanda ya san shi kamar yunwar cikinsa, ya ce a gwada musu su gani. Nan take Kari ya ɗebo ruwan kwata, ya tace shi da rigar matashin kai, ya ɗaga kofin sama yana juya shi a hasken rana. Tela ya ce to bismillah. Kari ya ce ba ya jin ƙishi, kuma ilimi ba a ɓarnatar da shi a kan ƙoshi. Aka ajiye wa magen mai rediyo. Ta sansana, ta yi atishawa, ta haye katanga. Kari ya ce me mage ta sani game da tsabta, dabbar da ke wanka da miyau.

Matarsa, wadda ta san ubanta ta kuma san mijinta, ba ta yi masa musu ba. Tukunyar tafiya ce aka ce shi zai ɗauko, sai ta wanke ta ta cusa masa a buhu, ta ce ko ba komai ya riƙe wannan da kyau. Ya ce to. Tana juya baya ya zare tukunyar ya tura ƙarƙashin gado, don buhun ya cika kuma dutsen guga bai sami wuri ba.

Tun daga bakin hanya kayan Kari suka fara tona masa asiri. Mutumin da ya zo rage wa mutane nauyi, ga shi da bokitin roba a ka, buhun gawayi a baya, tampol a hammata, dutsen guga yana reto a ƙugu yana ƙarau-ƙarau da duk takun da ya yi. Garken zabi suka tashi tun ba a hango su ba. Zomo ya fita da gudu daga nesa. Karen Baba, wanda ake kira Ba-Ruwanka, ya riƙa waiwayowa yana kallon Kari kamar yana neman a yi masa bayani.

Rana ta take tsaka suka iso tafkin. Ruwa ne kore shar, gansakuka ta rufe rabinsa, gefensa duk sawun shanu da abin da shanu ke bari, talibambam suna ta harkokinsu a ciki. Gaban Kari ya faɗi, amma bakinsa bai faɗi ba. Ya ce wannan ai ƙaramin aiki ne, ya taɓa wanke rigar makanike. Baba ya ce shi da Direba za su zaga su duba sawun dabbobi, ya jingine jarkar a gindin bishiya, kusan a cike take don an yi ta tattalinta a hanya, ya ce su dawo su tarar da ruwan sha.

Kari ya naɗe hannun riga. Ya taɓa gani a waya ana tace ruwa da gawayi, sai dai bai tsaya ya kalli ƙarshen abin ba, don tun a tsakiya ya gane ya fi mai bayanin sani. Ya daka gawayin guga ya zuba a rigar matashi, ya tuttula ruwan tafki a kai. Ruwa ya shiga kore ya fito baƙi ƙirin. Bai damu ba, ya san baƙi maganinsa sabulu. Ya barbaɗa garin sabulu, ya sa hannu ya cuɗa da irin cuɗar da yake yi wa zanen gado. Kumfa ta taso har ta rufe masa gwiwar hannu, ƙamshi ya cika bakin tafki, wani kwaɗo ya leƙo ya koma. Kari ya ja da baya ya dubi aikinsa, zuciyarsa fes. An yi jiƙo, an yi wanki. Kowane ɗan koyo ya san abin da ke biye, kuma ya san ba a yin sa da ruwa mai datti. Idonsa ya sauka a kan jarkar da ke gindin bishiya.

Da Baba da Direba suka dawo leɓunansu sun bushe, kare yana haki. Direba ya wuce kai tsaye ya ɗaga jarka, sai ta biyo hannunsa sama fayau. Ya girgiza ta a kunne. Ya leƙa ciki da ido ɗaya.

"Yaya, ina ruwan jarka?"

"Na yi ɗauraya da shi."

"Ɗaurayar me?"

"Ɗaurayar ruwa mana. So kake ku sha da kumfa?"

Baba ya sauke bindiga daga kafaɗa a hankali, ya jingine ta nesa da kansa, kamar mai tsoron abin da hannunsa zai aikata. Ya ce, "Mai wanki, tsaya in fahimta. Ruwanmu mai kyau ka zuba a cikin mai datti?"

"Ai Baba da mai kyau ake ɗauraya. Da mai datti sai a koma gidan jiya."

"To da ka ɗauraye, ina ka zubar da ruwan ɗaurayar, ina ka ajiye wankin?"

Nan ne Kari ya dubi bokiti. A shago abin a fili yake, ka tsame riga ka zubar da ruwa. A nan ya nemi abin da zai tsame ya rasa. Direba ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya ba sauti, don maƙogwaronsa ya bushe, sai kafaɗu kawai ke rawa.

Wani da kunya sai ya tsaya a nan. Kari ya ce ai ba a gama ba, ba a yanke wa wanki hukunci yana cikin bokiti. Ruwan ya zama toka-toka, kuma duk farin kayan da ya dushe bula ke dawo masa da haskensa. Ya kwance ƙullin bula zai ɗiga kaɗan, idon Baba na kansa, sai ƙullin gaba ɗaya ya suɓuce ya nutse. Ya sa hannu ya lalubo leda, amma garin ya riga ya tafi. Ruwa ya koma shuɗi, irin shuɗin da ko a rini sai an yi da gaske. Kari ya ce haka ake so, saura shanya, rana ce za ta ƙarasa aikin. Ya shimfiɗa tampol a wani ɗan kwari ya juye ruwan a kai.

Kare, da ya ga an yi masa tafki na kansa, bai jira gayyata ba. Ya shiga tsakiya ya kwanta.

Baba ya daka tsawa, "Ba-Ruwanka!"

Kari, da hankalinsa ya riga ya rabu, ya durƙusa ya ce, "Wallahi Baba ruwana ne, ni na wanke shi."

Wannan karon dariyar Direba ta sami murya. Aka kori kare, ya fito da ciki da ƙafafu shuɗaye, aka tattara abin da ya saura aka mayar bokiti har da gashi. Baba ya ce tun da mai abu ya tabbatar nasa ne, sai ya fara sha. Kari ya dubi kofin, ya dubi bindigar da ke jingine, ya rufe ido ya shanye tas. Idanunsa suka kawo ruwa, amma ya lashe leɓe ya ce garɗinsa ma daban ne, sai wanda ya sani. Direba ya kurɓa ya furzar. Baba ya ce shi ba zai sha ba ko zai mutu, sai dai zafi ya ishe shi, ya kamfata da hannu biyu ya wanke fuska, ya shafa har gemu.

Gemun Baba fari ne tas, gajere, a gyare. Bula kuwa ba ta da aboki kamar farin abu. Kari ya ɗaga kai ya gani. Direba ya gani, ya juya baya yana nazarin wata bishiya. Baba ya lura tafin hannunsa ya ɗan canza, ya goge a wando, bai kawo komai a ransa ba. Su biyun suka haɗa ido, kuma a karo na farko tun da suka zama surukan gida ɗaya suka yarda da juna a kan abu guda: babu mai faɗa masa.

Direba, don a kawar da zance, ya ce a ɗebo sabon ruwa a tafasa kawai, ina tukunya? Kari ya ce tukunya tana nan lafiya, a gida. Kafin Baba ya yi magana ya tari numfashinsa, ya ce in dai zafi ake so ai ga dutsen guga, dama guga ce ƙarshen aiki. Ya hura gawayi, ya cika dutsen, ya yi ta fifita har ƙarfen ya ɗau zafi, sannan ya riƙe marfin ya tsoma gindinsa a bokiti. Tururi ya turnuƙe masa fuska, ya saki. Dutsen ya sauka ƙasa, ya zauna a kan roba, ya wuce abinsa ta gindin bokitin. Suna tsaye suna kallo ƙasa ta shanye ruwan jarka da na tafki da sabulu da bula, ta bar musu shuɗin tabo da ƙaurin roba.

Baba ya ce a tattara a koma mota. Suna cikin ɗaure kaya kare ya ƙame, ya miƙe wutsiya. A can ɗaya gefen tafkin wata barewa ce ta fito, ta tsaya tana shinshina iska, da alama ƙamshin sabulu ya ɗaure mata kai. Baba ya yi musu alama da hannu, duk suka kwanta a ciyawa. Tsohon ya ja jiki a kan gwiwar da ke masa ciwo, ya ɗora bindiga, ya kwantar da shuɗin gemunsa a kan ƙotarta. Ko Kari sai da ya ji wani abu a ransa, don ya san wannan ne harbin Baba na ƙarshe a duniya. Ya toshe bakinsa da hannu biyu, saboda tun ɗazu sabulun da ke cikinsa yake neman hanya. Ya danne, ya ƙara dannewa. Baba ya sa yatsa a kan kunama. Sai shaƙuwa ta ƙwace wa Kari, mai ƙara kamar an taka agwagwa, har da 'yar kumfa ta hanci.

Barewa ta yi tsalle ɗaya ta shige kurmi. Baba ya daɗe a kwance yana kallon inda ta tsaya. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ɓacin da ya wuce faɗa, ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya kama hanya.

Ruwan da Direba ke ajiye wa lagireto suka raba a bakin mota, mai ɗumi da warin galan, kuma babu wanda ya nemi a wanke shi. Kafin Baba ya shiga gaba Direba ya yi wuf ya karkatar da madubin gefen Baba, ya ce rana ke kashe masa ido. Kari, a baya tare da kare, ya yi ta roƙo ta taga a bi ta bayan gari. Direba ya ce shi hanya ɗaya ya sani, kuma ita ce ta bi ta ƙofar shagon Yaya.

Da sauran rana suka shigo layi. Ganin sun dawo da wuri haka, kowa ya ɗauka nama ne ya yi yawa har ya gagari ɗauka. Tela ya bar keke, mai rediyo ya fito da faranti, mata suka jeru da kwanoninsu. Kare ya fara dirowa, shuɗi. Kari ya biyo, leɓe da harshe shuɗaye, rungume da bokiti marar gindi. Aka fara ƙus-ƙus. Sai Baba ya buɗe ƙofa ya sauko da cikakkiyar kamalarsa, bindiga a kafaɗa, ya yi wa jama'a sallama.

Wata mata ta kife kwano a fuskarta. Tela ya ciji leɓe har ya gaji, ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce sannu da dawowa, ya tambaya cikin ladabi ko gemun ma a shagon maƙwabcinsa aka kai. Baba ya dube shi, ya dubi jama'a, ya taka zuwa madubin mota ya daidaita shi da hannunsa. Layin ya fashe. Mai rediyo ya saki faranti, mata suna dafa juna, har mutanen layin baya suka zagayo ganin abin da ya faru.

Kari ya ga in bai yi magana yanzu ba ya mutu. Ya ɗaga murya ya ce a dai yi adalci, bara an dawo da ciwon ciki, bana kuwa duk tafiyar nan babu wanda ya yi gudawa. Tela ya ce da me za su yi ta, tun da ba su sha ba. Kari ya ce shi ai ya sha. Cikinsa ya amsa da wata doguwar ƙara wadda har na bayan taro suka ji.

Baba ya juyo daga madubi. Ya ɗaga hannu, aka yi tsit. Ya sauke bindigar daga kafaɗa, ya shafa ta tun daga baki har ƙota, ya riƙe ta a kwance a hannu biyu, ya ce, "Mai wanki, matso."

Murna ta kama Kari. Ashe tsohon ya ga ƙoƙari, ashe jarumtar shan kofin nan ba ta faɗi ƙasa banza ba. Ya ajiye bokiti, ya goge hannu a riga, ya durƙusa a gaban duk layi ya karɓa. Nauyinta ya zauna masa a tafin hannu daidai yadda ya daɗe yana mafarki. Ya ɗan waiwaya don tela ya gani da kyau.

Baba ya ce, "Miƙa wa Direba, gwiwata ba za ta zagaya mota ba."

Kari ya tashi da kyar. Tsakaninsa da Direba tsawon mota ne kawai, amma ya ji kamar ya sake taka dajin nan. Yana tafe yana kallon abin da ke hannunsa, har idonsa ya kai bakin bindigar, inda hayaƙin shekaru ya taru ya yi baƙi. Ya tsaya. Ya karce wurin da farce, ya duba farcen.

"Baba, ai kuwa ta yi dauɗa. Da za a bar min ita ta kwana a jiƙe..."

Gwiwar da ba ta iya zagaya mota, a taku biyu ta iso.